BABI NA UKU: YADDA BAKTERIYAR ƘASA KE SAUYA SARRAFA ABINCI DA ƘERA FUROTIN A LOKACIN ƘARANCI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda bakteriyar da ke zaune a cikin ƙasa take sauya tsarin sarrafa abincinta, da kuma nau'o'in furotin da take ƙerawa, idan abinci ya yi mata ƙaranci. Bakteriya dai wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya iya gani sai da na'urar ƙara girman abu, kuma jikin kowacce tantani guda ne tak, wato ɗan ɗakin rai mafi ƙanƙanta. Abin da ake nufi da sarrafa abinci shi ne dukkan aikace-aikacen da ke gudana a cikin wannan tantani domin a mayar da abin da aka ci ya zama ƙarfi ko kayan gina jiki.

An zaɓi wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis a matsayin babban misali saboda dalilai uku. Na farko, mazauniyar ƙasa ce ta haƙiƙa. Na biyu, masana sun daɗe suna nazarinta, tun daga shekarar 1872 da wani Bajamushe mai suna Ferdinand Cohn ya raɗa mata wannan suna, har zuwa 1997 da aka kammala karanta kundin gadonta, aka tarar tana da ƙwayoyin gado kimanin 4,100. Na uku, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin ita ce kan gaba wajen ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Za a kawo misalan wasu nau'o'in bakteriya a inda buƙatar hakan ta taso.

3.1 Ƙasa a Matsayin Muhallin Yunwa

A cikin giram ɗaya na ƙasa mai albarka, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba, akan sami bakteriya daga miliyan ɗari zuwa biliyan ɗaya, ko ma fiye. Wannan yawa na iya sa a zaci cewa ƙasa wurin wadata ce, amma ba haka abin yake ba. Mafi yawan abincin da ke cikinta a ɗaure yake, wani a cikin karan hatsi da saiwoyin da ba su gama ruɓewa ba, wani kuma maƙale a jikin ƙwayoyin laka. Abinci mai sauƙin ci yakan samu ne jefi-jefi, kamar a gefen saiwar tsiro mai rai inda sukari ke tsattsafowa, ko a inda aka zuba taki, ko inda wani ƙwaro ya mutu. Da zarar ya samu, cikin ɗan lokaci sai a cinye shi.

A ɗakin gwaji, idan aka ba wannan bakteriya abinci mai kyau da ɗumi, takan rabu gida biyu cikin abin da bai kai rabin awa ba. A cikin ƙasa kuwa, mafi yawan bakteriya sukan yi kwanaki ko watanni ba su rabu ko sau ɗaya ba. Ke nan yunwa ita ce rayuwarsu ta yau da kullum, ƙoshi kuwa baƙo ne. Wannan ya fi tsanani a ƙasashen da rani ke da tsawo kuma ruɓaɓɓen ganye ya yi kaɗan, irin ƙasar jigawa ta arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, wadda aka san ta da ƙarancin sinadaran naitirojin da fosfaros.

3.2 Furotin da Tsadarsa

Kafin a fahimci matakan da bakteriya ke ɗauka, wajibi ne a san matsayin furotin a jikinta. Idan aka ƙafar da ruwan jikin bakteriya, kimanin rabin abin da ya rage furotin ne. Shi ne ma'aikacin tantani: wani nau'insa yana narka abinci, shi ake kira inzayim, wani yana tsaye a fatar tantani a matsayin ƙofar shigo da abinci, wani kuma aikinsa buɗe ƙwayoyin gado ko rufe su. Ana ƙera furotin ne ta hanyar jera wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, kamar yadda ake jera duwatsun ado a zare. Wurin da ake wannan aiki shi ake kira raibosom, wanda za a iya kwatanta shi da masaƙa.

Ƙera furotin shi ne aiki mafi cin ƙarfi a cikin tantani. Bakteriya mai girma da sauri takan mallaki dubun-dubatar raibosom, har kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikinta kan tafi wajen gina su. Tun da girman tantani yana da iyaka, duk furotin ɗin da aka ƙera domin wani aiki, to an tauye wani aikin ne. Don haka matsalar bakteriya mai jin yunwa matsala ce ta kasafi, wato a kan wane aiki ya kamata a kashe ɗan abin da ya rage.

3.3 Yadda Bakteriya Ke Gane Shigowar Yunwa

Bakteriya ba ta da ƙwaƙwalwa, amma tana da ma'aunai a cikin jikinta. Mafi shahara shi ne wanda ke jikin raibosom. Akwai wasu 'yan dako da ke ɗauko amino asid suna kai wa raibosom. Idan amino asid ya ƙare, sai ɗan dako ya iso hannu rabbana, saƙa ta tsaya. Nan take wani inzayim mai suna Rel, wanda ke maƙale a wurin, zai fara ƙera wani ƙaramin sinadari da ake kira ppGpp. Michael Cashel da Jonathan Gallant ne suka gano wannan sinadari a Amurka a shekarar 1969, a jikin bakteriyar hanji mai suna Escherichia coli, daga baya aka tarar kusan dukkan bakteriya suna da shi.

Aikin ppGpp kamar na ƙararrawar gangami ne. Da zarar ya yawaita, sai a dakatar da gina sababbin raibosom, a rage kwafar kundin gado, a kuma karkata ga ƙera amino asid ɗin da aka rasa. A jikin Bacillus subtilis, ƙera ppGpp yana rage yawan wani sinadari mai suna GTP. Akwai kuma wani furotin mai suna CodY, wanda a lokacin wadata yake danne ƙwayoyin gado fiye da ɗari, amma ba ya iya wannan danniya sai da taimakon GTP da wasu amino asid. Idan waɗannan suka ragu, sai CodY ya saki, ƙwayoyin gadon neman abinci su buɗe. Daga cikinsu akwai na inzayim masu fita waje su narka furotin ɗin da ke kewaye, da na ƙofofin shigo da gutsattsarinsa, da na bulalar da bakteriya ke iyo da ita zuwa inda abinci yake.

3.4 Martani Gwargwadon Abin da ya yi Ƙaranci

Bayan wannan gangami na bai-ɗaya, kowane nau'in abinci yana da nasa ma'auni da nasa martani. Za a duba guda huɗu.

3.4.1 Ƙarancin Kabon

Kabon shi ne tushen ƙarfi da gina jiki, kuma mafi sauƙin samunsa shi ne daga sukarin gulukos. A farkon shekarun 1940 wani Bafaranshe mai suna Jacques Monod ya lura cewa idan aka haɗa wa bakteriya sukari iri biyu, takan cinye gulukos tukuna, ta ɗan dakata, sannan ta koma kan na biyun. Wannan dakatawa ita ce lokacin da take ƙera sababbin inzayim na cin sukarin na biyu. A jikin Bacillus subtilis, wani furotin mai suna CcpA ne ke rufe hanyoyin cin sauran abinci muddin akwai gulukos. Idan ya ƙare, sai hanyoyin su buɗe, ta fara fitar da inzayim masu narka sitaci da sauran abubuwan da ke jikin tsiro, ta kuma koma ta cinye tsamin da ita da kanta ta zubar a lokacin wadata. Ana iya cewa, da babu gara ba daɗi. Irin waɗannan inzayim masu fita waje, musamman masu narka furotin, su ne ke tausasa kalwa su ba daddawa ɗanɗanonta da warinta.

3.4.2 Ƙarancin Naitirojin

Kowane amino asid yana ɗauke da naitirojin, don haka rashinsa na nufin tsayawar ƙera furotin. Ma'aunin naitirojin a jikin wannan bakteriya shi ne yawan wani amino asid mai suna gulutamin. Idan yana da yawa, inzayim ɗin da ke ƙera shi yakan riƙe wani furotin mai suna TnrA ya hana shi aiki. Idan ya ragu, sai TnrA ya kuɓuta, ya buɗe ƙwayoyin gadon da ke ƙera ƙofa ta musamman mai iya tsamo amoniya ko da ɗan kaɗan ne, da inzayim masu sarrafa naitiret da yuriya.

Wasu bakteriyar ƙasa sun wuce nan, domin suna iya kamo naitirojin daga iska kai tsaye. Daga cikinsu akwai Azotobacter, wadda Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya bayyana a 1901, da kuma dangin Rhizobium masu zama a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa da waken suya. Inzayim ɗin da ke wannan aiki yana da tsada ƙwarai: kafin ya fasa ƙwayar naitirojin guda ɗaya, sai ya kashe aƙalla ATP 16, wato sinadarin da tantani ke biyan kuɗin kowane aiki da shi. Saboda wannan tsada, Azotobacter ba ta ƙera shi sai in babu wani naitirojin a kusa, kuma da ta sami amoniya sai ta rufe ƙwayoyin gadonsa.

3.4.3 Ƙarancin Fosfaros

Fosfaros yana cikin kundin gado da fatar tantani da kuma ATP. A nan ma'aunin furotin biyu ne masu aiki tare: PhoR yana zaune a fatar tantani yana lura, PhoP kuma yana karɓar saƙo daga gare shi ya kai wa ƙwayoyin gado. Idan ƙaranci ya zo, bakteriya takan ɗauki matakai uku. Takan fitar da inzayim masu yanko fosfaros daga jikin ruɓaɓɓun abubuwa. Takan ƙera ƙofa mai ƙarfin zuƙa. Sannan takan sauya kayan ginin garun jikinta. A lokacin wadata, garun yana ƙunshe da wani sinadari mai cike da fosfaros, amma a lokacin ƙaranci sai ta daina ƙera shi, ta maye gurbinsa da wani wanda babu fosfaros a cikinsa ko kaɗan. Ellwood da Tempest sun nuna wannan sauyi a Ingila a shekarar 1969. Kamar magidanci ne da ya ga kwano ya yi tsada, ya koma rufi da ciyawa domin ya sayi hatsi da kuɗin. Haka kuma an tarar wasu daga dangin Rhizobium suna sauya kitsen fatar tantaninsu da wani kitse marar fosfaros saboda wannan dalili.

3.4.4 Ƙarancin Sinadarin Ƙarfe

Sinadarin ƙarfe yana da yawa a ƙasa, shi ne ma ke ba jar ƙasa launinta, amma ba ya narkewa a ruwa yadda bakteriya za ta iya ɗauka. Wani furotin mai suna Fur shi ke lura da yawansa a cikin tantani. Idan ya ragu, sai bakteriya ta fitar da wasu ƙananan sinadarai masu kama da ƙugiya, su cafko ƙarfen, ta sake zuƙo su. Na bakteriyar Pseudomonas yana da launi tsakanin ɗorawa da tsanwa, har ana iya ganinsa a kwanon gwaji. Bugu da ƙari, takan rage ƙera furotin masu buƙatar ƙarfe, ta musanya wasu da takwarorinsu da ba sa buƙatarsa.

Idan aka lura, za a ga cewa dabara guda ce ke maimaituwa a dukkan misalan huɗu: a ƙara ƙarfin ƙofar shigowa, a nemi wata majiya ta daban, sannan a rage amfani da abin da ya yi ƙaranci.

3.5 Cin Jiki da Tanadi

Idan neman waje bai biya buƙata ba, sai bakteriya ta juyo kan jikinta. Bahaushe ya san gaiwa da kwanciya a cikin busasshiyar laka tana cin jikinta har ruwa ya dawo. To haka abin yake a nan. Akwai wasu inzayim da ake kira Clp masu daddatsa furotin ɗin da aikinsa ya ƙare, musamman na hanyoyin girma da aka rufe, domin a sake amfani da amino asid ɗinsa wajen ƙera furotin ɗin da ake buƙata a lokacin. Sakamakon haka tantani yakan ƙanƙance.

Duk da haka ba a rusa komai ba. Wani furotin mai suna HPF yakan haɗa raibosom biyu-biyu ya kulle su, ta yadda ba sa aiki kuma ba a cinye su. Amfanin wannan tanadi shi ne, ranar da abinci ya dawo, wadda ta adana masaƙunta za ta riga 'yan uwanta farfaɗowa. Har ila yau, raguwar ƙarfi yakan tayar da wani furotin mai suna SigB, wanda ke buɗe ƙwayoyin gado fiye da 150 na kariya daga zafi da gishiri da tsami da bushewa. Hikimar ita ce, mai jin yunwa ba zai sami ƙarfin ƙera garkuwa ba a ranar da masifa ta zo, don haka gara ya ƙera ta tun da sauran abin hannu.

3.6 Kwanci a Matsayin Mataki na Ƙarshe

Idan yunwa ta ci gaba, Bacillus subtilis takan gina abin da za a kira ƙwayar kwanci, wadda Cohn ya bayyana a 1876. Wani furotin mai suna Spo0A ne ke yanke wannan hukunci, kuma sai ya taru da yawa kafin aikin ya fara. Tantani yakan rabu gida biyu, babba da ƙarami. Babban yakan haɗiye ƙaramin, ya lulluɓe shi da riguna masu kauri, a janye mafi yawan ruwan jikinsa, a kuma rufe kundin gadonsa da wasu ƙananan furotin na kariya. Daga nan sai babban ya fashe ya mutu. Aikin yakan ɗauki kimanin awa 8 a ɗakin gwaji, kuma ƙwayar da aka samu tana jure bushewa da zafi mai tsanani na tsawon shekaru.

Wannan mataki yana da haɗari, domin idan aka kai wani matsayi ba a iya komawa baya, ko da abinci ya dawo. Saboda haka bakteriya takan jinkirta shi iyakar iyawarta. A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna cewa waɗanda suka fara shiga hanyar kwanci sukan fitar da guba su kashe 'yan uwansu da ba su fara ba, su ci abin da ya fito daga jikinsu, domin su ƙara jan lokaci.

Ya kamata a sani cewa mafi yawan bakteriyar ƙasa ba sa gina ƙwayar kwanci. Sukan dai rage aikin jikinsu ne zuwa mafi ƙarancin abin da zai riƙe rai. A 2014 an nuna cewa Mycobacterium smegmatis, idan kabon ya ƙare mata, takan ƙara ƙera inzayim masu zuƙo ɗan burbushin iskar haidirojin da ke cikin iskar da ake shaƙa, ta riƙe ranta da shi.

3.7 Muhimmancin Wannan ga Noma da Magani

Da yawa daga cikin amfanin da ɗan Adam ke samu daga bakteriyar ƙasa 'ya'yan yunwa ne. Misali na farko shi ne kamo naitirojin. Idan aka yawaita takin zamani mai naitirojin a gonar wake ko gyaɗa, tsiron kan rage yin ƙullutu a saiwarsa, aikin kamo naitirojin daga iska ya ja baya. Manomi ya sayi abin da da zai samu kyauta ke nan. Abin da waɗannan amfanin gona suka fi buƙata a irin ƙasar da aka ambata shi ne fosfaros, domin ƙullutun ba ya aiki sosai sai da shi.

Misali na biyu shi ne ruwan farko na damina. A 1958 H. F. Birch, wanda ya yi aiki a gabashin Afirka, ya bayyana cewa idan busasshiyar ƙasa ta jiƙe, bakteriyar da ke kwance takan farka gaba ɗaya, ta cinye gawar waɗanda rani ya kashe, naitirojin mai yawa ya fito cikin 'yan kwanaki. Idan babu saiwar da za ta ɗauke shi, ruwan sama na gaba kan wanke shi. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa shukar farkon damina takan tashi da ƙarfi.

Misali na uku ya shafi magani. Bakteriyar Streptomyces, wadda ke ƙera sinadarin da ke ba ƙasa ƙamshinta idan ruwan farko ya sauka, takan fara ƙera magungunan kashe wasu bakteriya ne a daidai lokacin da abinci ya fara ƙare mata, kuma yawan fosfaros kan hana ta ƙera da dama daga cikinsu. Daga jikin wannan dangi ne Albert Schatz da Selman Waksman suka samo maganin sitiraftomaisin a Jami'ar Rutgers ta Amurka a 1943, wanda shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Don haka masana'antun magani sukan auna abincin da suke ba ta da gangan, yadda za ta ji yunwa a lokacin da ake so.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa yunwa ita ce yanayin da bakteriyar ƙasa ta fi zama a ciki, kuma tana fuskantarta ne daki-daki. Da farko takan dakatar da gina raibosom. Sannan takan ƙera ƙofofi da inzayim daidai da abin da ya yi ƙaranci, ko kabon ko naitirojin ko fosfaros ko ƙarfe. Bayan haka takan ci jikinta tare da adana abin da za ta farfaɗo da shi, kuma ba ta shiga kwanci sai duk waɗannan sun gaza. An kuma nuna cewa kamo naitirojin, da sakin sinadaran gina tsiro a farkon damina, da ƙera magunguna, duk suna da alaƙa da wannan tsari, wanda saninsa zai taimaka wajen tantance irin takin da ya dace da gona da kuma lokacin zuba shi.